Biriyosh: Saƙar da Ake Bin Kowane Layi Sau Biyu

A wajen masu saƙa da tsinke biyu a Turai da Amurka, akwai wata saƙa da ta yi ƙaurin suna da wuya. Sai ka ga mace ta shekara da shekaru tana fitar da safa da huluna da rigunan sanyi, amma da an ambaci biriyosh sai ta ce a kai kasuwa. Duk da haka kowa na sha'awarta, kuma wanda ya taɓa riƙe mayafin wuya da aka yi da ita ya san dalili. Tana da kauri, amma ba ta da nauyi. Ka dunƙule ta a hannu ka saki, ta koma yadda take. Tudu da kwarinta masu zurfi ne, sannan ba ta da baibai: ko ta ina ka juya, fuska ce. In da zare kala biyu aka yi ta, a gefe ɗaya farin ne ke bisa tudu baƙin na kwance a kwari, a ɗaya gefen kuma baƙin ya hau, farin ya nutse.

Tsoron da ake yi mata yana da tushe, sai dai ana ɗora shi inda bai dace ba. Abin da yatsu ke yi bai taka kara ya karya ba. Wadda ta iya saƙar gaba da ta baya za ta kama shi a zama ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen duban abin da ke kan tsinke a gane shi, da wajen komawa baya in an yi kuskure. Darussa da yawa, na littafi da na bidiyo, hannu kawai suke horarwa. Mai koyo ta yi ta bin umarni ba ta san abin da take ginawa ba, ranar da ido ɗaya ya suɓuce sai ta warware aikin mako guda ta jefa zaren cikin kwalla.

Saƙar tsinke duk idanu ce. Zare ya lanƙwasa ya zama ɗan zarge, a zura tsinke ciki a jawo wani zargen, haka har layi ya ƙare. In sabon idon ya fito sumul a gabanka da siffar harafin V, saƙar gaba ke nan; in ƙululun ne ya fuskance ka, saƙar baya ce. Aka jera ɗaya gaba ɗaya baya, ana samun saƙar nan mai tudu da kwari da ake yi a bakin hannun rigar sanyi da gindin hula, mai miƙewa ta dawo. Biriyosh 'yar wannan gida ce. Abin da ta ƙara shi ne a kowane layi rabin idanun ba a saƙa su.

Ga yadda layi ɗaya yake tafiya. Ido na farko, a kawo zaren gaba ta tsakanin tsinken biyu, a zura tsinken dama cikin idon kamar za a yi saƙar baya, a ɗauke shi kawai zuwa dama, sannan a ɗora zaren ta saman tsinke ya faɗa baya. Yanzu idon na zaune da zare a kafaɗa, kamar mace ta yafa gyale. Ido na biyu ya zo da nasa gyalen tun daga layin da ya wuce, sai a zura tsinke cikin su biyun lokaci guda, idon da gyalen, a yi musu saƙar gaba tare. A yafa wa wannan, a saƙa wancan da gyalensa, har ƙarshe. Idan aka juya, wanda aka yafa wa ɗazu shi za a saƙa, wanda aka saƙa shi za a yafa wa. Layin farko ne kaɗai ya bambanta, tunda babu mai gyale tukuna, sai a yi saƙar gaba zalla a gurbinsa.

Duk halin wannan saƙa daga nan ya samo asali. Tunda kowane ido sau ɗaya ake saƙa shi cikin layi biyu, dole ya miƙe ya kamo tsayin layi biyun, shi ya sa idanunta suka fi girma da sakewa. Gyalen kuma ba ɓacewa yake yi ba. Yana nan maƙale a bayan idon, ya gangara ta gefe biyu ya haɗe da maƙwabta, yana tura su waje. Shi ne ke faɗaɗa saƙar, shi ne ke ba ta kauri da 'yan guraben iska masu riƙe ɗumin jiki. Abin da ake biya kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ka bi layi ashirin, ka ƙirga idanu a tsaye ka tarar da goma. Zare ma tana cinsa fiye da saƙa sumul, wani lokacin har ya doshi ninki biyu. Wanda ya sayi ulu gwargwadon hula ta yau da kullum ya fara hular biriyosh, zai koma kasuwa kafin ya kai tsakar kai, kuma ba lallai ya sake samun launin daidai ba.

Tuntuɓen farko na ƙirga ne. Yarinya ta kafa ido ashirin, ta yi layi ɗaya, ta dubi tsinke ta ga zare talatin, ta ɗago ta ce, “Anti, sun ƙaru fa.” Ba su ƙaru ba. Ido da gyalensa abu ɗaya ne, tare ake ƙirga su, tare ake saƙa su. In ta raba su ta saƙa kowanne daban, a nan ne za su ƙaru da gaske, gefen ya buɗe, rami ya bayyana. Malamar da ta san aikinta za ta tsayar da ita a nan ta sa ta taɓa kowane ido da yatsa tana faɗin wanda yake shi kaɗai da wanda yake da gyale, kafin ta bar ta ta ci gaba. Minti biyar ɗin nan sun fi awa guda na kallon bidiyo amfani.

Sunan da muke kiranta da shi ya bayyana a littattafan aikin hannu na Ingila a shekarun 1840, lokacin da matan masu hali suka rungumi saƙa don ɗebe kewa a falo. A littafin Miss Lambert mai suna The Hand-Book of Needlework, na 1842, akwai bayanin wani matashi zagayayye mai tudu da ake saƙawa da wannan salo, wanda aka sa wa suna biriyosh don ya yi kama da burodin Faransa mai ƙwai da man shanu. Yayin matashin ya wuce, sunan ya zauna a kan saƙar. A Holan da Jamus da ƙasashen arewacin Turai irin su Nowe da Suwidin kuwa, patent suke ce mata, kuma saƙar gida ce da ake yi wa yara hula da mayafin wuya da ita ba tare da wani ɗari-ɗari ba. Sanin wannan suna yana da amfani ga mai neman darasi a intanet, domin bidiyon Jamusawa da na mutanen Holan suna da yawa, kuma hannu ake kallo.

A Amurka ba a manta da ita ba, amma ta daɗe a gefe. Barbara Walker ta sa ta cikin tarin salon saƙa da ta wallafa a 1968, Elizabeth Zimmermann kuma ta koyar da hula da ita a littafinta Knitting Without Tears na 1971. Wadda ta fito da ita fili ita ce Nancy Marchant, Ba'amurkiya da ta koma Amsterdam da zama tun shekarun 1970, ta ga yadda matan Holan ke sarrafa ta, ta zauna ta bi diddiginta. Littafinta Knitting Brioche ya fito a 2009, Knitting Fresh Brioche ya biyo baya a 2014. Babbar gudummawarta ta gyaran umarni ce. Kafin ita, littattafan Turanci kan rubuta “a saƙa biyu tare” a inda ake saƙa ido da gyalensa, alhali a ko'ina cikin saƙa wannan umarni rage ido yake nufi. Mai karatu sai ta ɗauka tana ƙara ɗaya tana rage ɗaya, ta kasa ganin cewa adadin bai taɓa motsawa ba. Marchant ta ba motsin alamominsa na kansa, brk ga saƙar gaba da gyale, brp ga ta baya da gyale, waɗanda masu saƙa ke furtawa da kalmomin Turanci na haushin kare da gyatsa don raha. Da aka samu alamomi ɗaya da kowa ya yarda da su, masu tsara zane suka samu hanyar rubuta abubuwa masu sarƙaƙiya. Dandalin Ravelry da aka buɗe a 2007 ya ba su kasuwa, masu zane irin su Stephen West, shi ma mazaunin Amsterdam, suka cika ta da launuka masu ɗaukar ido, sai ga tsohuwar saƙar kakanni ta zama abin yayi.

Akwai wata hanya ta biyu da ke kaiwa ga yadi iri ɗaya, wadda Turawan Ingila ke dangantawa da masunta. A nan ba a yafa komai. Ana zura tsinke ne cikin idon da ke ƙasan wanda ke kan tsinke, a jawo zare ta can, a saki na saman. Na saman da aka saki sai ya warware ya kwanta a bayan sabon idon, ya zama daidai abin da gyale ke zama. Wato ɗaya tana tanadin gyalen tun gaba, ɗayar tana samar da shi daga baya. In aka ajiye su gefe da gefe, bambancin bai wuce na ɗan tsauri ko sakewa ba. Sunan masuntan ma kada ya ruɗi kowa: ainihin rigunan masuntan gaɓar Ingila da Sikotilan matsattsiyar saƙa ce da siririn tsinke, don ta tare iska da feshin teku, abin da biriyosh ba ta iyawa.

Wace za a fara koya? Ta masunta ta fi saurin shiga hannu, don babu ƙarin zare a kan tsinke, ƙirga kuma ba ta ruɗarwa. Mai son mayafin wuya kala ɗaya ta tsaya nan, ta wadatar. Amma kusan duk zanen zamani mai kala biyu da ganye da reshe, da salon gyale aka rubuta shi, don haka mai niyyar yin nisa gara ta sha wuyar tun farko.

Shawarata ga mai koyo ta saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa: ta fara da kala biyu. Ana ganin kala ɗaya ya fi sauƙi, amma a kala ɗaya ido da gyale da maƙwabci duk launinsu guda, babu abin da ke nuna wane ne wane. Da farin zare da shuɗi mai duhu, saƙar da kanta take bayani. Farin ido shuɗin gyale yake yafawa, shuɗin ido kuma fari. Ka ga ido da gyale launi ɗaya, an yi kuskure, kuma nan take za ka gan shi, ba sai an yi taƙi guda ba. Ba a kuma riƙe zaren biyu lokaci ɗaya. Ɗaya ke aiki, ɗayan na rataye yana jira.

Wuri mafi sauƙi na gwada wannan shi ne saƙar zagaye, a kan tsinke mai igiya, wato gajerun tsinke biyu da aka haɗa gindinsu da siririyar igiyar roba. Zagaye ɗaya da fari: a yi wa fararen saƙar gaba, a yafa wa shuɗɗan. Zagaye na biye da shuɗi: a yi wa shuɗɗan saƙar baya, a yafa wa fararen. Wurin lura shi ne zagayen saƙar baya, inda zaren yake gaba tun farko, don haka bayan an ɗauke ido sai ya haura saman tsinke ya zagayo ya dawo gaba kafin a saƙa na biye. A nan gyale ya fi ɓata, musamman a ido na ƙarshen zagaye. A mahaɗa kuma kada a murɗe zaren biyu da juna, a bar wanda aka gama da shi inda ya tsaya a ɗauki ɗayan.

Saƙar shimfiɗe mai kala biyu ita ce ta fi ɗaure kai, kuma ita ma sai da tsinke mai baki biyu. An bi layi da fari an kai ƙarshe, shuɗin yana can farkon layi inda aka baro shi. Ba a juyawa. Ana tura aikin ne ya koma ɗaya bakin tsinken, a sake bin wannan fuskar da shuɗi. Sai zaren biyu sun haɗu a gefe ɗaya sannan a juya, a maimaita a ɗaya fuskar, fari sannan shuɗi. Bi huɗu ke nan, a jere: gaba, baya, baya, gaba. In an ajiye aiki an tafi ɗora tukunya an dawo an manta inda aka tsaya, launin gyalen da ke kan tsinke shi ne zaren da aka yi aiki da shi na ƙarshe. In zaren biyu suna gefe ɗaya, lokacin juyawa ne. In suna gefe daban-daban, turawa za a yi.

Gyaran kuskure shi ne ainihin jarrabawa, kuma ya kamata a koye shi da gangan a kan ɗan ƙyalle, kafin a taɓa aikin da ake ji da shi. A saƙa sumul, in ido ya zame ya gangara, abin da ya bari a baya matakai ne na zare ɗaya ɗaya, a sa kwarashi a jawo su bi da bi. A biriyosh kowane mataki zare biyu ne. Ka saki farin ido ya gangara mataki uku, za ka ga zare shida a kwance, fari uku shuɗi uku, sun cakuɗe har ba ka san na farko ba. Sai a shimfiɗa aikin a cinya, a ja shi ta gefe biyu zaren su rabu. A sa kwarashi cikin farin idon da ya rage a ƙasa, a wuce ta ƙarƙashin shuɗin zare mafi kusa, a kamo farin da ke samansa, a jawo shi ta ƙarƙashin shuɗin da ta cikin idon. Mataki ɗaya ya gyaru, shuɗin ya koma mazauninsa a baya. Haka har sama, sannan a duba ko idon na ƙarshe yana buƙatar gyale a kan tsinke ko shi kaɗai ya kamata ya zauna, gwargwadon maƙwabtansa. Wadda ta yi wannan sau uku ko huɗu da hannunta ta daina tsoron biriyosh.

Zare tsinke gaba ɗaya don a warware layuka da yawa kuwa kasada ce, domin gyale ba shi da abin riƙewa, da tsinke ya fita sai ya kwanta ya saje. Maganin da masu saƙa suka samo shi ne zaren tsira: a ɗauki allura mai dakusasshen baki da siririn zare mai santsi na wani launi, a bi ta cikin duk abin da ke kan tsinke, ido da gyale, a bar bakinsa biyu a rataye. In abu ya ɓaci a gaba, a warware har zuwa nan, komai na zaune a kan zaren yana jiran tsinke. Ana matsar da shi sama lokaci-lokaci. Ƙwararru ma suna yi, ba abin kunya ba ne.

Yadda ake riƙe zare yana da tasiri a kan sauri. A salon Ingila zaren na hannun dama, ana jefa shi a kan tsinke, kowane yafi motsi ne daban. A salon Jamus da arewacin Turai zaren na kan ɗan alin hannun hagu, tsinken dama ne ke ɗebo shi, ɗauke ido da yafa gyale sai su zama shara ɗaya. Wataƙila wannan na cikin abin da ya sa mutanen can ba su taɓa ɗaukar saƙar da zafi ba. Matanmu da suka taso da saƙar kwarashi sun riga sun saba riƙe zare a hagu, don haka in za su koma tsinke biyu, wannan salon ne hannunsu zai fi karɓa, kada su bari wani bidiyo ya tilasta musu sauya hannu.

Zaɓen zare da tsinke na iya kashe aikin da aka yi daidai. Tunda saƙar sakakkiya ce, ana sauka lamba ɗaya ko biyu daga tsinken da aka rubuta a takardar zaren: in an ce milimita 4.5, a gwada 4 ko 3.5. Ulun gashin tumaki da ba a sarrafa shi sosai ba ya fi dacewa, don gashinsa na da ƙananan ɓawo masu kama juna, ga shi yana miƙewa ya dawo. Wanda aka sarrafa don ya jure injin wanki ya rasa wannan kamun, da ya sha ruwa sai ya saki jiki. Alharini da auduga da gashin alfaka duk suna da santsi ko nauyi, riga da aka yi da su tana iya tashi daga ƙugu ta doshi gwiwa. Shi ya sa ɗan gwaji ya zama dole: a saƙa ƙyalle mai faɗin kamar santimita 15, a auna, a wanke, a shanya a kwance, a sake aunawa. In riga ce, a rataye shi kwana ɗaya a ga yadda nauyi zai ja shi. Na san babu mai son wannan aiki, amma a nan rashin yinsa ya fi tsada fiye da ko'ina.

Abin da ya sa zanen zamani ke fitowa da ganye da harshen wuta da reshe mai rabuwa biyu, ƙa'ida ɗaya ce: ana ƙari da ragi bibbiyu. Tudu ɗaya da kwari ɗaya tare suke tafiya, in aka ƙara ido ɗaya tak, tudu biyu za su haɗu kafaɗa da kafaɗa, tsarin ya rushe. Don haka a ido ɗaya ake fitar da uku, a saƙa, a ɗora zare, a sake saƙawa a wuri guda, sai layin tudu ya rabu biyu da sabon kwari a tsakiya. Ragi kuma uku ake mayarwa ɗaya, a karkata shi dama ko hagu gwargwadon wanda aka ɗora a sama. Akwai mai fitar da biyar daga ɗaya da mai haɗe biyar su zama ɗaya. In aka yi ƙari a nan aka yi ragi a can cikin layi ɗaya, adadin bai sauya ba, amma layukan da ke tsakani sun kwanta sun bi hanya, ganye ya fito. Wata dabara kuma ita ce a sauya wa layin tsaye hali a tsakiyar aiki, wanda ake yi wa saƙar gaba a koma yi masa ta baya, sai launin da ke kwari ya hau tudu a wannan wurin kaɗai.

Danginta na kusa suna da yawa, kuma wasu sun fi ta dacewa da wasu ayyukan. Rabin biriyosh, inda ake yafa gyale a fuska ɗaya kawai a bi ɗayar da saƙar tudu da kwari ta yau da kullum, ta fi riƙe siffa kuma ba ta cin zare sosai, sai dai fuskokinta biyu ba iri ɗaya ba ne. Ana iya tara gyale biyu ko uku a kan ido ɗaya kafin a saƙa shi, a samu ƙulle-ƙulle da ramuka iri-iri. Mai son zanen kala biyu ba tare da wannan ɗawainiya ba, akwai saƙar da Barbara Walker ta yi wa littafi a 1976, Mosaic Knitting, inda ake ɗauke ido kawai ba yafi, a yi layi biyu da wannan launi biyu da wancan. Akwai saƙa mai ruɓi biyu, da ke fitar da yadi biyu sumul manne da juna, ita ma ba baibai, kuma ta fi tare iska. Salon tsibirin Fair Isle na Sikotilan kuwa zare biyu ake ɗauka a layi ɗaya, wanda ba ya aiki ya bi ta baya, don haka yana da baibai sosai. Ba na ganin hikimar yin safa ko gwiwar hannun rigar aiki da biriyosh. Dogayen idanunta na kama ƙusa da zobe, kuma ba sa jure guga da gogayya.

Injin ma yana yin ta, ya kuma daɗe yana yi. Tun da William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila a 1589, Jedediah Strutt ya ƙara masa sashen yin tudu da kwari a ƙarshen shekarun 1750, masana'antu suka gano cewa allura na iya karɓar sabon zare ba tare da ta saki tsohon idonta ba. Wannan shi ne gyale a harshen inji. Rigunan sanyin nan masu kaurin tudu da ake tsinta a tulin gwanjo lokacin hunturu, da yawansu wannan saƙar ce ko rabinta. A buɗa kwarin da yatsa za a ga zaren a kwance a bayan kowane ido. Masu injin saƙa na gida irin su Brother da Silver Reed, da ake yi wa 'yan makaranta rigunan sanyi da su, suna iya fitar da ita in injin na da gado na biyu na allurai. Mai gado ɗaya yana yin wasu salon tara zare, amma ba cikakkiyar mai fuska biyu ba.

A wajenmu, inda sanyi na 'yan watanni ne in ban da wurare irin su Jos da tsaunin Mambila, amfaninta ya fi ƙarfi a ƙananan abubuwa: hula, mayafin wuya, bargon goyo. Ulun da ya cika kasuwanninmu na roba ne, wato akirilik, kuma yana yin ta ba laifi don ba shi da nauyi, sai dai kada dutsen guga ya kusance shi, zafi na kwantar da tudun har abada. Ga kayan jarirai a matse saƙar da ƙaramin tsinke, saboda 'yan yatsu na shiga cikin dogon ido su maƙale. Mai saƙa don sayarwa kuma ta yi lissafi tun kafin ta kafa ido: zare kusan ninki, lokaci kusan ninki. In mai saye kuɗin hula ta yau da kullum zai biya, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, sai dai a yi gindin hular kawai da ita a ƙarasa sama da saƙa sumul.

Saura baki, na farawa da na rufewa. Yadin yana buɗewa fiye da yadda kafin ido na yau da kullum zai iya bi, sai ka ga mayafi mai faɗi da laushi amma bakinsa biyu a tsuke kamar an ɗaure. Mafi kyau shi ne kafin da ake dangantawa da Italiya, wanda ke jera ido ɗaya gaba ɗaya baya tun daga tushe ba tare da wani layin ƙulli ba, kuma ana iya yinsa da kala biyu kowane ido ya fito da launinsa. Yana da abokin rufewa da ake yi da allura, ana bin idanun da zare mai tsawon kamar ninki huɗu na faɗin aikin, ba a ja da ƙarfi. Wadda ba ta kai nan ba tukuna ta kafa ido a kan tsinke biyu haɗe ta zare ɗaya, wajen rufewa kuma ta ɗauki tsinken da ya fi na aikin girma da lamba biyu, ta riƙa saƙa kowane ido tare da gyalensa kafin ta ƙetara na baya a kansa.